Ɗigo na Uku

Shekara ashirin da biyu ke nan ina kwantar da tsutsotsi a ɗakin bincike. Ƙanena har tsokanata yake, wai ni ce mai renon da ba a taɓa yi wa godiya ba. Tsutsotsin ƙanana ne ƙwarai, in ba a madubin bincike ba da ƙyar ido ke ganinsu, ga su da rawar kai, hoto kuwa ba ya kyau sai sun tsaya cak. Aikina in ɗauko tsutsa da gashin ido da aka manna a tsinke, in sa ta a gilashi, in ɗiga mata maganin da zai kashe mata jiki. Ɗigo ɗaya ya isa. In an gama hoto sai in wanke ta, ta farfaɗo.

Bara hannuna na dama ya fara rawa. Ban gaya wa kowa ba, don na san ranar da aka gane, ranar zan bar kujerata. Tsoro nake ji, ban iya wani aiki ba sai wannan.

Ran Talata da safe Dakta, shugabar ɗakin, wadda ni na koya wa riƙe tsinke tun tana ɗaliba, ta ajiye mini ɗan faranti mai tsutsa ɗaya a ciki.

"Anti, cikin irin nan ita kaɗai ta rayu, kuma shekara biyu muna nemanta. A yi mata hoto, a mayar da ita ta yi ƙwai. Ban yarda da hannun kowa ba sai naki."

Na ɗauko ta lafiya, na ɗiga magani, na dafa madubin na leƙa. Tana motsi. Na jira kaɗan, na ƙara ɗigo. Har yanzu tana karkarwa.

Na ce, "Ke, yau ni za ki kunyata?" Na ɗiga na uku.

Dakta ta dawo ta ce, "Bari in gani, Anti."

Ina ɗauke hannuna daga jikin madubin, hoton tsutsar da madubin ke nunawa a kan kwamfuta ya tsaya cak. Tsutsar na miƙe kamar allura. Ashe tun ɗigon farko ta kwanta, baiwar Allah, ni ce nake girgiza gilashin. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Sau huɗu muka wanke ta, muka zauna muna jira har azahar. Ba ta tashi ba.

Da Dakta ta yi faɗa, da na fi samun sauƙi. Sai ta jawo kujera ta riƙe hannuna da nata biyu, yana ta rawa a ciki, na kasa hana shi.

"Tun yaushe, Anti?"

"Tun bara."

Ta saki hannuna a hankali. Daga nan ta rufe kwalbar maganin, ta sa a aljihun rigarta.