Rabin Jinka

Ranar Talatar da Jefta Rugara ya sauko daga kan tsani bai sake hawa ba, rabin jinkar ɗakin girkinsa kawai aka baibaye. Ba faɗowa ya yi ba. Saukowa ya yi a hankali, ya zauna a gindin bango, ya dafe ciki, ya ɗaga kai yana kallon sararin da ke leƙowa ta tsakanin tanka.

Fanuel Madzore na zaune a tsallaken shinge, ƙarƙashin mangwaronsa, da littafi a cinya. Tsohon malamin makaranta ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse ƙasashen mutane, ya rage daga shi sai littattafai da baƙar magana. Shi ne kuma sahwiran Jefta, abokin wasan da iyaye suka gadar musu, wanda yake da ikon zaginka a gaban surukanka, kuma shi zai wanke ka ranar da ka mutu.

"Ragon banza," in ji Fanuel. "Rana ba ta kai tsaka ba har ka sauko?"

"Ciyawa ta ƙare, Ticha."

"Ciyawa ce ta ƙare, ko kai ne ka ƙare?"

"Mu biyun," in ji Jefta. Ya fara dariya, dariyar ta tsaya masa a ciki, ya lanƙwashe. A nan ne Fanuel ya rufe littafin.

Tsohon ɗakin girkin ya rushe ne a daminar bara. Jefta bai ƙona tubali ba, don mai gari ya hana sarar itace, kuma dama itacen da ya rage a ƙauyen na maƙabarta ne. Ƙasar suri ya haƙo, ya kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa, ya ɗora bango zagayayye mai kaurin da yaro zai kwanta a kai. Wasu samari daga wata ƙungiya a Masvingo sun zo da mota, suka shafa bangon, suka ɗauki hoto, suka ce irin wannan shi ne ginin da ba ya cutar da ƙasa, ginin gobe. Fanuel, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara cewa ci gaba kusurwa huɗu gare shi da rufin kwano, ya ce bai zaci zai rayu har ya ga an raɗa wa talauci sabon suna ba.

Bango dai ya tsaya. Rufi ne ya gagara. Gobarar daji ta cinye fadamar da mata ke yankar ciyawa, ɗan abin da ya tsira kuma masu otal sun kwashe, don masu yawon buɗe ido suna son kwana ƙarƙashin ciyawa in wani ne ya ɗaura.

Asibitin mishan suka riƙe Jefta 'yan kwanaki, suka sallame shi da ƙwayoyi da ladabi mai yawa. Fanuel ya san ma'anar irin wannan ladabin. Da shi aka sallamo masa matarsa Esnath.

Garikai, babban ɗan Jefta, ya taso daga Johannesburg. Shi ya gina wa iyayensa gidan siminti a ɗaya gefen tsakar gidan, mai falo da rufin kwano, can cikin uwar ɗaki ya kwantar da mahaifinsa. Watan Oktoba ne, damina na bakin ƙofa, kwanon na ƙara kamar ana soya shi. Da Fanuel ya shiga dubiya, ya tarar uba da ɗa suna tsakiyar magana.

"Baba, in ma abin ya zo, ai ga falo," in ji Garikai. "An shimfiɗa tayil. Mutane za su sami wurin zama."

"Kusa da talabijin?" in ji Jefta. "Ubana a ɗakin girki ya yi kwanansa na ƙarshe kafin a binne shi. Ubansa ma haka. Gaban dakalin tukwane, inda ake kiran sunayen magabata. In kuka kwantar da ni a falo, wa zai san na taho?"

"To in sayo kwano a rufe ɗaya rabin."

"Kwano murfin tukunya ne. Ni nama ne?"

"Na zagaya ko'ina, Baba. Babu ciyawa."

Jefta ya juyo da kai a kan matashi. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa girma.

"Sahwira," in ji shi, "akwai ciyawa a gidanka."

Akwai kuwa. A ranin ƙarshe na rayuwarta Esnath ta yanko ta, ta taje ta dami dami, ta ɗaure da igiyar ɓawon itace, ta rataye a cikin rumfar keken shanu, da niyyar sake rufin ɗakin girkinta. Ciwo ya riga ta. Tun daga ranar Fanuel bai taɓa damin ba, bai kuma bari wani ya taɓa ba. Tufafinta dangi sun raba, tukwanenta ƙannenta sun kwashe, kamar yadda aka saba. Ciyawar ce kaɗai ba wanda ya tuna da ita a rabon, kuma ƙullin da ke jikin kowane dami hannunta ne ya ja shi.

"Ba ta aro ba ce," in ji Fanuel.

"Wa ya ce aro? Daga inda za ni ta ina zan mayar maka? Me ma kake yi da ita, Ticha? Karanta ta kake yi?"

Garikai ya danne dariya, bai danne ta da kyau ba.

"Ka kwana a falo kamar duk wanda ya haifi mai kuɗi," in ji Fanuel. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ba a hana sahwira abin da ya roƙa. Kowa ya san wannan, Fanuel ma ya sani, shi ya sa ya ƙi komawa gidan. Ya zauna ƙarƙashin mangwaronsa ya ba rabin jinkar baya, yana karanta shafi ɗaya yana maimaitawa. Kowace yamma hadari na haɗuwa ya watse, kowace yamma kuma yana ƙara duhu.

Matar Jefta, wadda kowa ke kira Mai Garikai, wato uwar Garikai, ita ke kawo masa abinci tun rasuwar Esnath. Ta shigo da sadza, tuwon masararsu, da ganyen kabewa, ta durƙusa ta ajiye.

"Ticha, ba ka leƙo mu ba."

"Ya mutu ne? Da na ji kuka."

"Ya daina tambayar hadari," in ji ta. "Da kullum sai ya ce in fita in dubo masa sama. Yanzu bango yake kallo." Ta ɗauki kwanon jiya, ta tsaya tana juya shi a hannu. "Tare muka yanki ciyawar nan da Esnath. Cewa ta yi ta gaji da yoyo a kan murhu. Ban ji ta ce a rataye a yi ta kallo ba."

Ta fita da kwanon.

Da sassafe Fanuel ya hau kan turmi ya fara sauke damin. Ƙura ta cika masa ido, zanzaro ya yi gida a jikin ɗaya, amma ciyawar na nan lafiya, doguwa, ba ruɓa ba gara. Ya ɗora a keken shanun, ya bi ta bayan gida, inda tagar Jefta ba ta gani. Ya aika aka kira Garikai da mahaifiyarsa, da wasu maza biyu na cocinsu da suka iya baibaya.

"Ku saurara," in ji shi. "Kada wanda ya gaya masa. Duk wanda ya gaya masa ni zan binne shi, kuma ban iya binnewa da kyau ba. Sai an ɗaure kan jinka, mu ɗauko shi a kujera, mu dire shi a tsakiyar ɗaki, sannan in faɗa masa abin da na tanadar masa."

Mazan suka yi dariya. Irin wannan wasan shi ake shekaru ana ba da labarinsa a wurin shan giya, kuma haƙƙin sahwira ne, ba mai shiga tsakani. Mai Garikai ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Ticha, mutumin nan fa..."

"Ya sha kunu yau?"

"Ya sha. Har ya ce a ƙara."

"To kin gani. Ba yau ba ce."

Garikai ya shiga ya ƙara wa rediyon mahaifinsa murya, ya ja labule, don kada tsohon ya ji bugun katakon daidaita ciyawa. Sannan ya cire takalmansa na birni ya hau. Mazan na shimfiɗawa suna ɗaurewa, Garikai na cusa allurar itace yana zaro igiya, Fanuel na ƙasa yana miƙa dami. Shi yake kwance ƙullin kowane dami da kansa. Bai yarda a sa wuƙa ba. Aikin ya yi sauri. Kafin rana ta take, sararin da ke cikin tanka ya koma kamar bakin randa.

Fanuel ya karkaɗe rigarsa, ya cire ƙaiƙayi daga gashinsa, ya shiga gidan siminti. Ɗakin na warin magani da zafi. Rediyo na ta wa'azi.

"Ka zo duba ko na mutu?" in ji Jefta. Muryar ta yi siriri.

"Na zo duba tayil ɗin da za a shimfiɗa ka a kai. Yana da kyau. Ga sanyi."

"Ciyawar fa?"

"Na sayar wa masu otal. Yanzu haka wani Bature na minshari a ƙarƙashinta."

Ya gyara zama yana jiran zagi. Ya san Jefta zai ambaci ƙafafunsa, ko sanƙonsa, ko ranar da saniya ta kore shi a gaban ɗalibai. Jefta ya daɗe yana kallonsa.

"Bar ta, sahwira," in ji shi. "Na gane. Da ni ne, ban san ko zan iya bayarwa ba. Bai kamata in tambaye ka a gaban yaro ba."

Wannan ba ya cikin wasan. Maganar ta taso wa Fanuel har bakin haƙora. Amma saura kaɗan a gama, ya kuma shirya kalmominsa tun asuba, yana son ya ga fuskar nan lokacin da za a dire kujerar, ta ɗaga sama. Ya miƙe.

"Kada ka mutu kafin yamma," in ji shi. "Ina da aiki."

Jefta ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo, ya mayar.

Rana ta karkata. Garikai na can ƙoli yana naɗe kan jinka, Fanuel na kan matakin farko na tsani da damin ƙarshe a hannu, sai Mai Garikai ta fito daga gidan siminti riƙe da kofin ruwa, cike yadda ta shiga da shi. Ta tsaya a tsakar gida. Ta sunkuya ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta ɗora hannu biyu a ka. Sannan kukan ya fito.

Garikai ya leƙo daga sama, igiya a baki.

"Sekuru, in sauko?" ya tambayi Fanuel, da sunan da ake kiran dattijo.

"Ɗaure," in ji Fanuel, ya miƙa masa damin. "Ɗaure tukuna."

Ya ɗaure. Sai da ya ja ƙullin ƙarshe ya sauko, ya wuce wurin mahaifiyarsa. Maƙwabta suka fara shigowa. Fanuel ya sami Mai Garikai a bakin ƙofa, mata biyu na riƙe da ita.

"Kin gaya masa?"

Ta dube shi.

"Kai ka ce a bari, Ticha."

Ba ta ƙara komai a kai ba, a ranar ko bayanta, kuma ba ta fasa kawo masa abinci ba.

Mata suka shafe daɓen ɗakin girkin da kashin shanu, suka jera tukwane a kan dakali, suka hura wutar farko a murhu. Fanuel ya yi aikinsa. Ya wanke Jefta, ya miƙar masa da ƙafafu, ya naɗe shi a bargo. Aka ɗauko shi aka ratsa tsakar gida da shi, aka kwantar da shi gaban dakalin tukwane. Mutane na jiran abin da ake jira daga sahwira, Fanuel kuwa bai hana su ba. Ya sa tsohuwar hular Jefta, ya kwaikwayi tafiyarsa ta mai ƙafa ɗaya gajera, ya ce mamacin rago ne har mutuwa ma sai da ya bari aka ƙarasa masa aiki. Aka yi dariya har da masu hawaye. An ce ya yi kyau.

Kafin rana ta faɗi iska ta taso, mata suka ruga kwashe shanya da rufe buhunan masara, maza suka tafi ɗaure tantin baƙi. Ɗakin ya rage daga Fanuel sai Jefta. Ruwan farko na shekara ya sauko. A gidan siminti kwano ya ɗauki ƙara kamar ana jifa, a nan kuwa sai wani shuu mai laushi. Fanuel ya ɗaga kai ya bi jinkar da ido, tun daga bakin bango har ƙoli. Ko ɗigo babu. Hayaƙin murhu na tashi yana shigewa cikin ciyawar, wani gefen ta bana, wani gefen ta Esnath, wadda ta ɗan fi duhu.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya janye bargon daga fuskar, yadda za ta kalli sama. Zagin da ya shirya tun asuba ya neme shi ya rasa. Ya kai bakinsa kusa da kunnen, sai ya ji takun mata a bakin ƙofa, suna karkaɗe ruwa daga zannuwa, ɗaya ta riga ta ɗauko waƙa. Ya mayar da bargon, ya gyara gefensa, ya koma ya zauna a gindin bango da hular a cinya, maganar na nan a bakinsa: na kawo ta, sahwira, tun da safe na kawo.