Mai Yi Wa Ciyawa Sanƙo

Duk wanda ya san Sha-Wuya ya san ba a kai bayansa ƙasa. Maciji ya sare shi sau biyu, macijin ne ya mutu. Ambaliya ta tafi da ɗakinsa, ya bi ta da iyo ya dawo da ƙyauren. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekara hamsin ƙasa tana jin maganarsa. Da ƙarfi ya ɗan ja baya, ɗansa Injiniya ya ɗauko shi da uwargidansa ya kawo su gidansa na birni, inda aka shuka ciyawa a tsakar gida da gangan, har ana ba ta ruwa.

"Abin da na ƙarar da ƙuruciyata ina kashewa, shi kuke shayarwa?" in ji shi ranar farko.

Amma ba a yi wata ba ya karɓe aikin kula da ita. Nan ne kaɗai tafin ƙafarsa ke taɓa ƙasa, sauran gidan duk tayil ne mai santsi. Kullum da hantsi sai ya kafa kujerarsa a kai, rediyo a kunnen hagu, yana yi wa masu labarai gyara.

Sai ciyawar ta fara sanƙo. Yau fili ɗaya kamar faifai, jibi biyu, kafin mako sun zama shida.

"Baba," in ji Injiniya, "in nan da mako biyu ba ta gyaru ba, zan kira magini ya malale wurin da siminti, kowa ya huta."

Tsoho ya sauke rediyo daga kunne. "Ni za a kira wa magini? Ba ni kwana uku."

Ya zuba taki da hannu biyu, gefen ya ƙone. Ya kwarara ruwa da tsakar rana, wurin ya zama caɓi. Ya tona neman gara, bai ga ko ɗaya ba. Ya ɗora laifin kan kyanwar maƙwabta, ya yi mata kashedi ta kan katanga. Daga nan ya koma gadi: ya ja kujerarsa kusa da kowane sanƙo don ya kama ɓarawon da idonsa. Ikon Allah, duk inda ya yi gadi, nan sabo ke fitowa.

Ran kwana na goma, uwargidansa da ke ɗinki a bakin taga ta ajiye allura ta fito a hankali.

"Malam, kada ka motsa."

"Maciji ne? Bar ni da shi, mun saba."

"Wanda ya fi maciji. Buɗe hannunka na dama."

Ya buɗe. Ciyawa ce cike da tafinsa, da saiwarta, har an kakkaɓe mata ƙasa tas. Ya leƙa ƙarƙashin kujera, ga tari nan an jera, saiwa na kallon rana, yadda manomin ƙwarai ke yi don kada ta sake kamawa.

"Kunnenka na wajen rediyo, hannunka na gona," in ji ta. "Kwana biyu ina kallonka, dariya ce ta hana ni magana."

Sha-Wuya ya daɗe yana duban hannun nan. "Amma dai kin ga aiki," ya ce. "Ko saiwa ɗaya bai bari ba."

"Sai ka faɗa wa magini haka."

Da sassafe ya yanko ciyawa da ƙasarta daga bayan katanga, ya toshe kowane sanƙo, ya danne da dunduniya, ya yayyafa ruwa kafin rana ta fito. Tsohuwa kuma ta kawo tata kujerar ta ajiye a damansa, da mafici a hannu. Da hannun ya nufi ƙasa, sai ka ji ƙwas!

Ranar da wa'adi ya cika, Injiniya ya zagaya wurin, ya kira magini ya ce ya sha zamansa.

"Baba, me ke cinye ta ne?"

"Wani tsohon maƙiyinta ne, ɗana. Ba ƙaramin abu ba ne, ni kaɗai na isa in kama shi."

Ƙwas!

"Ke, wannan karon ƙafata zan sosa!"