Iska a Birki

Tun safe Auta ta fara riƙe ƙugu tana zagaya tsakar gida. Ita ce 'yarmu ta ƙarshe, cikin fari ne, mijinta kuma direban babbar mota ne, yana can kan hanya. Mamanta ta dube ta sau ɗaya, ta ce, "Maigida, tada mota."

Na shiga na taka birki, ƙafata ta zarce har ƙasa kamar na taka soso. Jiya da yamma na canza tiyon birkin baya da hannuna, na ce cire iska sai gobe. To ga goben.

Gidanmu a kan tudu yake. Daga ƙofa gangara ce har babban titi, inda manyan motoci ke wucewa ba sa kallon kowa. Na kira mai tasi, wayarsa a kashe. Maƙwabcinmu mai mota ya fita tun asuba. Makanike kuwa zai ce ga shi nan, ya iso yaro na rarrafe.

"Zo ki zauna nan," na ce da Maman Auta.

"Ni? Shekara talatin ban taɓa zama gaban sitiyari ba."

"Ba tuƙi za ki yi ba. In na ce taka, ki taka wannan sau biyar. In na ce riƙe, ki danne. Ko gini ya faɗo kada ki ɗaga sai na ce saki."

Na cika kofin man birki, na kwanta ƙarƙashin mota da sifana da kwalba. Aikin ba wuya. Ita ta danne, ni in kwance ɗan notin da ke bayan taya, mai ya fito da kumfa, in ɗaure. Amma in ta ɗaga ƙafa noti na buɗe, iskar da na kora za ta koma ciki.

"Taka! Riƙe!"

Na kwance noti. Mai ya fito, sai na ga ya ja da baya.

"Kin ɗaga!"

"Ban ɗaga ba."

"Mota ba ta ƙarya."

"Wannan gwangwanin? Ita da mai ita duk ɗaya."

Muka sake. Sau huɗu ana abu ɗaya. Na fito na duba gwangwanin mai, saura ƙasa da rabi, kuma babu wani a gidan. Gumi ya cika mini ido. Na koma ƙasa ina masifa, ita tana mayar mini ta taga.

A karo na biyar na yi shiru, shi ya sa na ji. Daidai lokacin da na kwance noti, Auta ta yi nishi daga ɗaki, "Wayyo Mama!" Kujera ta yi ƙara a saman kaina, mai ya ja da baya. Ashe duk sanda yarinyar ta yi kira, uwar sai ta zabura za ta tashi, ita kanta ba ta san ƙafarta ta motsa ba.

Na fito daga ƙarƙashin mota. Na shiga ɗaki na kamo Auta a hankali, na zaunar da ita a kujerar baya.

"Baba, tafiya za mu yi?"

"Yanzu. Kama kafaɗar mamanki. In ciwon ya zo ki matse ta."

Na koma ƙasa. "Taka! Riƙe!"

Auta ta yi nishi, ta damƙe kafaɗa. Uwar ta danne birkin nan har na ji motar ta girgiza. Kumfa ta fito fuu, sai tsabtataccen mai. Na ɗaure. Muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina gudu gaba ina ƙara mai, har ɗigon ƙarshe.

Na taka birki, ya tsaya ƙyam a rabi.

Muka gangara a giya ta ɗaya, hannuna a kan birkin hannu. Gab da titi wata tanka ta taho a guje. Na taka. Motar ta tsaya cak, tanka ta wuce da iskarta.

Maman Auta tana baya rungume da 'yarta. Ta ce, "Aikina ne wannan."

"Naki ne," na ce, na sa giya.