Gaisuwar Tagwaye ga Teku

Ga ta nan, ga ta nanku, da yashi a ƙafarta.

Ta shigo a haka, mu ji ta.

A Kirsimetin da nake ba ku labari, tsofaffi biyu ne suka zauna a kujerar bayan bas, kowacce da jaka a cinya, ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta uffan tun daga garinmu Cala har aka fara jin gishiri a iska. Yara na waƙa, tunkiyar da za a yanka na kuka a tirelar baya, su kuwa kamar masu zuwa jana'iza. Nofezile ce babba, Nosakhele ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni maƙwabciyarsu ce, an ɗauko ni in taya riƙon jikoki, kuma na zaci jirin mota ne ke damunsu. Har lemo na miƙa musu.

Bari in faɗa muku abin da ban sani ba a lokacin, don kada ku sha duhun da na sha.

Shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, mazansu duka suna haƙar zinariya a Joburg, sai Kirsimeti ake ganinsu. Nofezile ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, har surukai sun fara maganar mayar da ita gida. Sai ƙanwar ta sami ciki, mahaifiyarsu kuwa, wadda unguwarzoma ce, ta taɓa cikin ta ji kai biyu. Ta kira su duka ƙauyenta a bayan duwatsu, aka bazar da cewa ita ma babbar ta samu. Da aka sauka, mace da namiji, Nosakhele ta shayar da su har suka yi ƙwari, sannan kowacce ta koma gidan mijinta da goyo. Namijin, Mzoxolo, ya zauna wajen wadda ta haife shi. Macen, Nontembeko, ta zama 'yar Nofezile tilo. Mahaifiyar tasu ta mutu da maganar, mazan suka mutu ba su sani ba.

To, kowa a wajenmu ya san tagwaye ba sa faɗa wa teku haka kawai. Sai kowane ya tsaya a baki, ya jefa farin abu da hannunsa, kwandala ko dutsen wuya, ya faɗi sunansa, ruwa ya san da zuwansa. Wanda ya shiga ba gaisuwa, teku kan tashi ya ɗauke shi. Shi ya sa tun yaran suna ƙanana, duk tafiyar makaranta zuwa bakin ruwa sai a ce Nontembeko na da tari, Mzoxolo kuma zai yi kiwo. Da suka girma aiki ya kai su nesa da teku, iyayen suka huta. Sai ga Mzoxolo a shekarar ya kama gidan haya a Port St Johns, a bakin teku, ya ɗauko bas, ya ce uwarsa da Makazi Nofezile, don haka muke kiran 'yar'uwar uwa, ba za su mutu ba su ga teku ba.

Kwanakin farko sama ta taimaki tsofaffin. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, aka yi Kirsimeti a cikin gida, aka ci tunkiya da dafaffiyar masara da wake, yara suna leƙen taga suna ƙunƙuni. Mzoxolo da Nontembeko kuwa suna ta abin da suka saba. Shi yana cewa ya girme ta da wata guda, don haka ta kawo masa ruwan wanke hannu. Ita, ma'aikaciyar jinya ce a garin Komani kuma shugabar matan coci, bakinta ba ya jiran kowa, ta ce Bhuti, wato Yaya, ya fara rage tumbin nan tukuna, don in ya shiga ruwa masu kamun kifi za su yi murna a banza. Nofezile tana dariya tare da kowa, amma na ga idonta na kan gajimare.

Washegarin Kirsimeti gari ya waye tas. Kafin hantsi mun kafa laima a cikin dubban mutane, rediyo ta ko'ina, hayaƙin gashi, yara sun tuɓe suna tsalle. Sai Nofezile ta ce kowa ya dakata. Ta cire farin dutsen wuyanta, wanda ban taɓa ganinta babu shi ba, ta tsinke zaren da haƙori, ta zuba duwatsun a mayafi. Ta ce tunda Allah ya kawo mu lafiya, kowa, babba da yaro, ya ɗauki ɗaya ya jefa, ya faɗi sunansa, godiya ce kawai. Daga baya na gane dabarar: in kowa ya jefa, ba mai tambayar don wa aka yi.

Yara suka yi rububi. Ni ma na jefa, me zai hana. Mzoxolo ya cilla nasa da ƙarfi yana sanar da teku sunansa da na kakanninsa kamar mai neman ƙuri'a, ya koma wajen wutarsa. Nosakhele ta sauke numfashi, na ji ta.

Nontembeko ta juya nata a tafin hannu, ta yi murmushi, ta mayar wa uwarta.

"Mama, wannan ai na tagwaye ne. Ni kaɗai kika haifa, kuma kin sha faɗa mini da ƙyar aka samu."

Nofezile ta ce ta yi don ita, ba don komai ba. Nontembeko ta ce jiya-jiya ta tsaya gaban mata tana wa'azi, ba za a gan ta yau tana yi wa ruwa sadaka ba. Nosakhele ta sa baki, ta ce dutse ne fa kawai. Ta ce to in dutse ne kawai, Makazi ta bar shi a wuyan mai shi. Ta shafa kan uwarta kamar yadda take wa marasa lafiya, ta ɗaure zane a ƙirji, ta nufi ruwa.

Na ga 'yan'uwan nan biyu sun kalli juna. Ƙaramar ta girgiza kai a hankali, wato a yi shiru, Allah na nan. Ita ai ko an faɗa ko ba a faɗa ba, ɗanta na hannunta. Nofezile ce ke da abin rasawa: yarinyar da ta yi wa kitso, ta sayar da shanu ta kai ta makaranta, wadda duk duniya ita kaɗai ke ce mata Mama.

Ruwa ya kai wa Nontembeko idon sawu, ya kai gwiwa. Sai ya ja baya, irin jan nan da yake yi yana kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum, can gaba kuma wata igiya ta fara tasowa. Ba zan ce muku ta fi sauran girma ba. Ni dai a idona igiya ce kamar kowacce. Amma Nofezile, matar da sai da sanda take zuwa bayan gida, ta yar da sandar, ta ruga da takalmanta da siket ɗin coci, ta faɗa cikin ruwa.

"Nontembeko, fito. Ku biyu ne."

Ta juyo tana dariya, ba ta ji da kyau ba.

"Ku biyu aka haifa, ke da Mzoxolo. Ba ni na haife ki ba. Fito, 'yata."

Igiyar ta iso ta buge tsohuwar, ta kifa. Nontembeko ta cafko ta, ta ɗauko ta cak kamar yarinya ta kawo ta kan yashi, ta juya ta gefe, ta bubbuga bayanta har ta amayar da ruwa, ta taɓa jijiyar wuyanta. Hannuwanta na aikinsu, amma fuskar ba kowa a cikinta. Ban taɓa ganin fuska haka ba, kuma na wanke gawa ba ɗaya ba.

Mzoxolo na tsaye da abin juya nama a hannu. Ya kalli uwarsa yana jiran ta ce rana ce ta taɓa Makazi. Nosakhele ta ja ɗankwalinta ta rufe fuska, ta zauna daɓas a ƙasa. Shi ke nan amsar. Matarsa ta tattara yara ta kai su sayen ƙanƙara, naman ya ƙone a kan wuta ba wanda ya motsa, mutanen laimar kusa da mu suka rage rediyonsu. Ni kuwa na tsinci kaina riƙe da yankan kankana, na rasa inda zan ajiye.

Nosakhele ce ta ba da labarin daga ƙarƙashin ɗankwali, guntu-guntu, yadda na ba ku. Nontembeko ta saurara har ƙarshe tana durƙushe, gashinta na ɗiga. Ta tambaya ko uban da ta yi wa zaman makoki, wanda ta biya kuɗin dutsen kabarinsa, ya sani. Aka ce bai sani ba. Ta ce wato sunan dangin da take amsawa tun tana yarinya, da akuyar da aka yanka mata don shigar da ita dangin, duk na gidan wasu ne. Sai ta dubi wadda ta haife ta.

"Makazi, me ya sa ni?"

"Namiji da an bi sawunsa," in ji Nosakhele. "Kuma ke kika fara fitowa. Yaya ce ta karɓe ki a hannunta, kika kama yatsanta. Da na ga fuskarta, na kasa cewa ta ba ni."

Mzoxolo ya ajiye abin juya naman. Ya zauna kusa da Nontembeko a kan yashi, ƙafarsa kusa da tata, sai a ranar na ga yatsun ƙafarsu iri ɗaya ne, na biyun ya ɗara babban tsawo. Shekara arba'in ina ganin ƙafafun nan a tsakar gida.

Nofezile na kwance tana rawar sanyi a tsakiyar zafin nan, ido rufe, kamar mai jiran hukunci. Hannunta na dama a dunƙule. Nontembeko ta ɗaga hannun, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Dutsen na ciki. Ko da igiya ta kifar da ita ba ta sake shi ba.

Nontembeko ta ɗauka ta miƙe. Na bi ta a baya da tawul, don ina tsoron abin da za ta yi, shi ya sa na ji. Ta tsaya inda kumfa ke ƙarewa, ta daɗe, leɓenta na motsi ba sauti, kamar mai laluben suna a cikin duhu. Can ta jefa dutsen, ba da nisa ba.

"Ni ce Nontembeko," ta ce wa ruwan, "'yar Nofezile. Mu biyu ne."

Ba ta shiga ba. Ta karɓi tawul ɗin ta je ta lulluɓe tsohuwar da shi, ba tare da ta kalle ta ba.

Washegari muka kwashe kaya, ko da yake an biya gidan har sabuwar shekara. Nontembeko ta zauna gaba kusa da direba, kuma ba ta yi wa ko ɗaya daga cikin tsofaffin magana ba har Ista. Bayan nan ta ɗauke Nofezile zuwa Komani, a can tsohuwar ta rasu a Yulin shekara ta biyu, lokacin da sanyi ke tsananta a wajenmu, kanta a cinyar 'yarta. Nosakhele na nan da rai a Cala, har yau Makazi Nontembeko ke ce mata. Mzoxolo ya yanka akuya ya shigar da 'yar'uwarsa cikin dangin ubansu, kuma yanzu shi ke kawo mata ruwan wanke hannu, yana ce mata Sisi, wato Yaya. Ni ina nan maƙwabtaka. Ba wanda ya sake komawa teku a cikinmu.