Madubi a Bakin Ƙofa

Ya faɗo falo da gudu har yana tuntuɓe da takalman yara. Ya daɗe yana haɗa manhajar waya da za ta kwantar da hankalin mutanen da kamanninsu ke hana su sakewa, yau kuma ta tashi.

"Auta, ajiye gugar nan! Ke za ki fara gwadawa."

Auta ƙanwarsa ce, tana da tabon ƙuna daga kunci zuwa wuya, madubin ɗakinta kuwa tuni ta juya shi yana kallon bango. Ta karɓi wayar tana dariya, ta taɓa. Allon ya yi baƙi wuluk kafin manhajar ta buɗe. Sai ta kife wayar a cinya.

"Haba Auta, ba ki ga komai ba fa! Akwai hira da likita, akwai..."

"Na gani, Yaya. Kaina na gani."

Ya karɓa ya sake buɗewa. Ga fuskarsa nan ƙuru-ƙuru a baƙin gilashin. Shi da ya cire kyamara, ya hana sa hoto, ashe madubi ya kafa wa mutane a bakin ƙofa!

"Wallahi kin gama min komai!" Ya janyo kwamfuta, ya mai da allon ruwan ƙwai mai haske, ya sake miƙa mata wayar.

Ta taɓa. Wannan karon ba ta kife ba, sai ma ta gyara zama.

"To, na shigo," in ji ta. "Ina likitan naka?"