Hajiyar Mu'aither

Wallahi wasu mutane ko kunyar cikinsu ba sa ji. Ƙarti shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Mu'aither ta Doha, masu gadi da direbobi, amma ko ruwan zafi ba mai iya dafawa sai Muttaka. A rumfar abincin mahaifiyarsa ya tashi a Gusau, shi ya sa in ya taso daga ɗaukar kaya a filin jirgi, shi ke tuƙa musu tuwo ya kaɗa kuka. Su cika tumbi, su yi gyatsa, tukuicin da suka ba shi kuma suna ne: Hajiya.

Gado direba ne ya fara. "Hajiya, ƙaro miya!" Tun Muttaka yana masifa har ya gaji ya ƙyale su. Ai a ganinsu duk namijin da ya riƙe muciya ɗan daudu ne, khalas.

To, akwai Na'ima, yarinyar da yake nema a gida, wadda saboda ita yake shan zafin Doha. Iyayenta suka ce sai an yi bincike, suka ɗora nauyin a kan kawunta Sunusi, injiniya da ke zaune a unguwar Al Thumama, nan Doha. Muttaka ya roƙi 'yan ɗakin nan kamar zai yi kuka, su kama bakinsu ranar Juma'a da Kawu zai zo. Ya yi dambun shinkafa da zogale na ji da gani.

Ashe tun a bakin gini aka gama da shi. Kawu Sunusi ya tambayi ɗakin Muttaka, aka yi ta kallon-kallo, ba wanda ya san mai sunan. Sai da ya ce ɗan Gusau, wani ya kwashe da dariya: "Au, Hajiya kake nufi! Hau sama."

Kawu ya shigo fuska ba yabo ba fallasa. Ya ci dambu, ya ƙara, ya wanke hannu, sannan ya gyara murya.

"Muttaka, me ya sa ake ce maka Hajiya?"

"Saboda ina girki, Kawu. Abin da ka ci yanzu."

"Ni ban ga aibunka ba. Kana salla, kana neman halal. Amma suna linzami ne, yaro. Gobe ka koma Gusau, sunan nan zai riga ka sauka. 'Yarmu ba za ta zama matar Hajiya ba."

Gado ya yi tsuru-tsuru. "Ranka ya daɗe, ai wasa ne..."

"Rufe mini baki!" Muttaka ya daka masa tsawa. "Kawu, ni ka zo bincika ko bakin waɗannan? Ga ni a gabanka, tambaye ni!"

"Na riga na ji abin da zan ji."

Muttaka ya rasa ma wa zai shaƙe a cikinsu. Shi kuwa Kawu, kai jama'a, sai da ya sa takalmi ya juyo: ko za a ɗan zuba masa sauran dambun a roba? Iyalinsa sun daɗe ba su ci irinsa ba.

Muttaka ya zuba, ya danna, ya rufe, ya miƙa masa da hannu biyu.

"In sun tambayi wanda ya dafa, Kawu, ka ce musu Muttaka. Ko sau ɗaya ne a faɗi sunan da ubana ya yanka mini rago."