Koriyar Ɗamarar Littafin Hayasaka

Shekara talatin da ɗaya ina faɗin magana guda a Jimbocho, unguwarmu ta masu sayar da tsofaffin littattafai, shekara talatin da ɗaya ana yi mini dariya. Maganar ita ce, bugun farko na littafin nan Gishirin Kaka, na 1948, ya fito da ɗamara, kuma koriya ce.

Duk mai sayar da tsofaffin littattafai a layinmu ya san ɗamara, siririyar takardar nan da ake zagaya wa ƙugun sabon littafi, wadda muke kira obi. Mai karatu yakan cire ta ya yar tun kafin ya sauka daga jirgin ƙasa. Shi ya sa littafin da ya tsufa da tasa a jiki yake ninka ɗan'uwansa daraja sau goma, wani sa'in sau ɗari. To, Gishirin Kaka kwafi goma sha ɗaya aka sani, duk ba ɗamara. Ni kaɗai na taɓa ganin na goma sha biyu, a gidan Hayasaka Genzo, malamin lissafin da ya ƙarar da albashinsa kan bugun farko. Ya nuna mini shi a akwatin gilashi, minti biyu, ya rufe. Na roƙi in ɗauki hoto, ya ce sai bayan ransa. Da mutane suka tambaye shi kuma, mugun tsohon ya ce bai san zancen ba.

Ogata, maƙwabcin shagona, shi ne uban 'yan dariyar. Kullum da safe yana share ƙofarsa sai ya ɗago kai. "Nagumo, jiya ma an yi mafarkin koriyar?" A wurin gwanjo, in na yaba littafi, sai ya ce, "Ku bincika da kanku, idon mutuminku yana ƙara abin da babu." Ba wasa ba ne a sana'armu. Wanda aka daina yarda da idonsa, gara ya koma sayar da taliya.

Hayasaka ya rasu yana da shekara casa'in. Bayan kwana arba'in da tara matarsa, Chizuko, ta bugo mini waya, wai in zo in duba littattafan. Ko rigar sanyi ban tsaya ɗauka ba, na leƙa wa Ogata.

"Rufe shagon nan, mai dogon baki. Gani ya kori ji."

"Mu je," in ji shi. "Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Ta tarbe mu a ƙofa, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta ajiye mana silifa, ta ja ƙofar ɗakin karatu. Na saka ƙafa ɗaya, na kasa saka ta biyun.

Kantoci har rufi, littafi ya haura dubu, kuma babu ɗamara ko ɗaya. Ko ɗaya! Ɗakin da na sani da ratsin ja da rawaya da shuɗi a ƙasan kowane layi ya koma kamar bakin da aka zare wa haƙora. Ogata ya zaro littafi, ya mayar, ya zaro wani.

"Uwargida," na ce, muryata ba tawa ba, "ɓarayi suka shigo?"

"Ɓarayi kuma? A'a."

"To ina ɗamarun?"

"Au, 'yan takardun nan? Ni na cire su. Ku zauna mana, shayi zai huce."

Muka zauna. Ta ce da aka kwantar da maigidan a asibiti ta yi niyyar ninke masa gauraki dubu na takarda, kamar yadda ake wa majinyaci a wurinmu don fatan samun sauƙi. Gwiwoyinta ba sa kai ta kasuwa, ga kuwa takardu masu launi a gida burjik.

"Sai dai dogaye ne," ta ce, "dole na riƙa yanka su murabba'i."

"Yanka?" Ogata ya yi ƙara har shayinsa ya zube. "Da almakashi?"

"Da me ake yanka takarda, ɗana?"

Na riƙe kaina da hannu biyu. Tirƙashi! Abin da ya tsira daga gobara da girgizar ƙasa da gara, almakashin ɗinki ya gama da shi cikin wata guda. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi wa mace mai furfura ba, har sai da na cije leɓe don kada in yi rashin kunya.

"Shi bai sani ba ke nan," na ce.

"Ya sani mana. Ranar da na kai masa gaurakin farko, a jere a igiya, ya ciro guda, ya juya ta, ya juya. Fuskarsa ta canza, har na tashi zan kira nas. Can sai ya ce, saura nawa? Na ce ɗari bakwai. Ya kalli yatsuna, duk sun kumbura, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce makullin akwatin gilashi yana cikin aljihun rigarsa ta biki, takardun can sun fi laushi, ba za su wahalar da ni ba."

Na kalli Ogata, ya kalle ni. Hayasaka! Mutumin da ba ya bari ka yi numfashi kusa da gilashin nan.

"Shekara sittin ban taɓa shiga ɗakin nan ba sai shara," ta ce tana murmushi. "Ran nan ne ya fara ba ni makulli."

"Gaurakin suna ina?" in ji Ogata. "Ana iya warware su, a lallaɓa, a haɗa..."

"Sun tafi da shi. Na jera masa su a akwatin gawa kafin a ƙona gawar, yadda aka saba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwarona, ban san ina da irinsa ba.

"Sai guda ɗaya," ta ce. "Tana hannunsa da ya cika."

Ta tashi da ƙyar, ta nufi wurin da hoton marigayin yake da turare a gabansa, ta dawo da abu a tafin hannu. Gauraka ce, ba ta fi kan babban yatsa ba. Koriya. Irin koren nan mai duhu na takardar bayan yaƙi, wanda na gani minti biyu na kuma kwana da shi shekara talatin da ɗaya. A gefen fiffikenta ga rabin tambarin maɗaba'ar, maɗaba'ar da littafi ɗaya tak ta taɓa bugawa kafin ta rufe, wato Gishirin Kaka. In aka warware ta, magana ta ƙare. Takardar kuwa ta bushe ƙayau, ba za ta sake ninkuwa ba.

Ogata ya matso da tabarau. "Nagumo," ya ce a hankali, "warware ta."

Tsohuwar ta dube shi, ta dube ni. Murmushinta ya ɗauke. Sai a lokacin ta lura da fuskokinmu.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Ɓarna na yi masa? Wannan ita ce wadda kuka zo nema?"

Na miƙa hannu, yatsana ya kusa taɓa fiffiken. Sai na naɗe mata yatsunta a kai.

"Ba ita ba ce, uwargida. Littafin da muke nema bai taɓa yin ɗamara ba. Ogata ne da gaskiya tun farko."

Ogata ya ja da baya. Ya cire tabarau yana ta gogewa, bai yarda mun haɗa ido ba.